Kayan jaririn fari: wanne ne dole, wanne ne za a iya haƙura da shi?

Abban_Gobe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maiɗakina ta shiga wata na bakwai na cikinta na fari, kuma an ce lokaci ya yi da za mu fara haɗa kayan haihuwa. Na shiga Kasuwar Sabon Gari a nan Kano, mai shago ya lissafa mini gadon jariri mai lilo, da katifa mai laushi haɗe da filo, da keken turawa, da keken koyon tafiya, da saitin baho, da saitin fida, da hoda da mayuka kala-kala. Da ya buga jimilla sai na ga kuɗin ya zarce abin da nake samu a wata biyu, alhali tun da aka cire tallafin mai a 2023 abincin gida ma da lissafi muke sayensa. Ba na son in gaza wa iyalina, kuma ba na son in zuba kuɗi a kan abin da zai cutar da yaron ko ya zama tarkace a ƙarƙashin gado. Ina roƙon iyaye da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure su faɗa mini abin da ya zama wajibi, da abin da za a iya jinkirtawa, da abin da bai kamata ma a shigo da shi gida ba.

Hajiya_Mai_Jikoki:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya raba lafiya. Abu na farko da zan ce maka shi ne kada ka cika sayen tufafi, domin ranar suna 'yan barka za su kawo riguna da sabulu da zannuwa fiye da yadda kake zato, kuma jariri yana fin ƙarfin kayan farko kafin ya yi wata biyu. Ka saya wa mai jego zannuwan goyo masu kyau da majanyi, da riguna kaɗan na auduga waɗanda ba sa kankare fata, da huluna da safa idan haihuwar za ta faɗo cikin sanyi. Keken turawa kuwa, ka dubi lungunku kafin ka saya. Idan akwai kwata da rairayi da 'yan Adaidaita Sahu, bayan uwarsa ya fi masa aminci.

Ungozoma_Tudun_Wada:
Malam Abban_Gobe, na daɗe ina karɓar haihuwa, kuma abin da ya fi damuna shi ne in ga an cika ɗaki da kayan ƙawa, amma ranar naƙuda babu kuɗin mota, babu kuɗin gwajin jini. Kafin ka sayi komai, ka ware wani kaso ka ajiye shi gefe saboda yiwuwar tiyata ko ƙarin jini, ka kuma san wanda zai kai ku asibiti idan abin ya zo da tsakar dare. Daga nan ka karɓi takardar kayan haihuwa daga asibitin da take zuwa awo, domin kowanne yana da nasa jerin, galibi safar hannu da audugar mata da ledar shimfiɗa da abin ɗaure cibiya.

Abin da nake ɗauka dole ga jaririn kansa kaɗan ne. Akwai man cibiya na kulohekzidin mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, wanda gwamnatin Najeriya ta amince a riƙa shafawa a cibiya maimakon gashi da tsumma mai zafi, ko man goge baki, ko toka, waɗanda ke buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta har da ta sarƙe-haƙora. Sai dai a kiyaye sosai, na cibiya ne kawai, domin an taɓa samun jarirai a ƙasar nan da suka makance saboda an ɗiga musu nau'insa na ruwa a ido bisa zaton maganin ido ne. Akwai gidan sauro mai magani, wanda sau da yawa ake bayarwa kyauta a wurin awo, kuma idan sabo ne a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. Akwai ma'aunin zafin jiki mai batir, domin jaririn da bai kai wata uku ba idan zafinsa ya kai digiri 38 asibiti ake kai shi nan take, ba a jira gari ya waye. Sai kuma shimfiɗa mai tauri wadda ba ta lotsawa. Filon nan da aka nuna maka, ka bar wa mai shago abinsa.

Ɗan_Kwari:
Anti Ungozoma, Allah Ya saka da alheri. Ni tambayata a kan gwanjo ce. Wasu na cewa abin kunya ne a sa wa ɗan fari, wasu na cewa ya fi sababbin da ake kawowa yanzu inganci. Shin akwai illa a lafiyance?

Ummu_Yasmin:
Ɗan'uwa Ɗan_Kwari, duk 'ya'yana da gwanjon Ƙofar Wambai na rene su, kuma idan ka dace da ranar da aka fasa dila za ka samu auduga tsantsa wadda ta fi sababbin masu kama da leda da ke tara wa yaro zufa. Abin da nake yi shi ne in duba kowace riga ciki da waje, in ja maɓallan in ga ko suna shirin cirewa, in ajiye duk mai igiya a wuya ko mai duwatsun ado da za su iya ɓallewa su shiga baki. Daga nan in wanke da ruwan zafi da sabulun da ba shi da ƙamshi mai ƙarfi, in shanya a rana sosai, in goge. Sai in jera su a akwati in jefa kafur saboda kyankyasai da asu.

Likitan_Yara_KD:
Malama Ummu_Yasmin, duk abin da kika faɗa a kan gwanjo na yarda da shi, ban da kafur, kuma ina roƙon duk wanda ke karanta wannan ya kula. Akwai wani yanayi na gado da ake kira ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin mutanenmu, musamman 'ya'ya maza, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da shi ba. Jaririn da ke da shi, idan aka sa masa tufafin da suka sha kafur, sinadarin yana shiga jikinsa ta fata da numfashi ya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Sakamakon shi ne shawara mai tsanani a makon farko, wadda idan ta hau ƙwaƙwalwa takan bar yaro da kurunta ko shanyewar jiki har ƙarshen rayuwarsa. Haka ma man zafi mai mental da ake shafa wa jarirai a ƙirji ko a cibiya, da lallen da ake sa musu, duk muna hana su saboda wannan dalili. Kayan da suka riga suka sha kafur a sake wanke su a shanya har warin ya fita gaba ɗaya. Idan kuma aka ga idon jariri ko tafin hannunsa ya yi ɗorawa, shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa, asibiti za a je a auna jininsa.

Kafinta_Gwale:
Game da gado, Malam Abban_Gobe, ba sai ka sayi na waje ba. Kafinta na unguwa zai iya haɗa maka mai ƙarfi a kan kuɗin da bai kai na shago ba, muddin ka gaya masa ƙa'ida. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6, domin idan ta fi haka jikin yaro zai iya zurarewa kansa ya maƙale. Katifa ta cika gadon daidai, yadda yatsu biyu ba za su shige tsakaninta da katako ba. Kada a yi masa gefen da ake saukewa a ɗaga, irin wannan an hana sayar da shi a Amurka tun 2011 saboda jariran da suka rasu a cikinsa, kuma har yanzu ina ganinsa a cikin kayan da ake shigowa da su na hannu. A goge katakon sumul, a nutsar da kan kowace ƙusa, kuma ni na fi son a bar shi babu fenti idan ba a tabbatar fentin ba shi da dalma ba, domin yaro na fara haƙori zai gwaguyi gefen.

Maman_Biyu:
Ku gafarce ni, amma wannan maganar gado ta masu ɗakuna ce. Mu ɗaki ɗaya muke, gidan sauro ɗaya ne ya rufe gadonmu, kuma mai shayarwa tana tashi sau da yawa cikin dare. Iyayenmu da kakanninmu a gefensu suka kwantar da mu. Idan na sa jariri a wani gado daban, wa zai ji motsinsa idan ya shaƙe, kuma da wane gidan sauron zan rufe shi?

Likitan_Yara_KD:
'Yar'uwa Maman_Biyu, tambayarki a kan hanya take, kuma ba na son a ɗauka muna raina halin da mutane ke ciki. Shawarar likitocin yara ita ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata shida, amma a kan shimfiɗarsa ta daban, a rigingine, babu filo, babu bargo mai nauyi, babu 'yar tsana. Tun da aka fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a Amurka a 1994, mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai a can. Ƙaramin gado da aka jingina da naki, aka ja gidan sauro babba ya rufe duka biyun, yana biyan buƙatar da kika ambata. Idan kuwa babu hali sai an kwana tare, to katifar ta zama mai tauri, a nisantar da filo da bargo daga fuskarsa, kada a sa shi tsakanin yayyensa, kada a bar rami tsakanin gado da bango. Inda haɗarin ya fi yawa shi ne idan jaririn bakwaini ne ko ƙarami sosai, ko akwai mai shan taba a ɗakin, ko uwar ta sha magani mai sa barci, ko barci ya kwashe ta da shi a kan kujera.

Maman_Biyu:
Na gode Likita. Amma maganar rigingine har yanzu tana ba ni tsoro, domin a gidanmu ana cewa idan ya yi tumbuɗi zai koma masa.

Ungozoma_Tudun_Wada:
Wannan tsoron kusan kowace uwa na zuwa da shi. Jariri mai lafiya yana haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar, kuma yadda aka halicci maƙogwaro, hanyar iska tana sama da hanyar abinci idan yana rigingine, saboda haka abin da ya dawo ya fi saurin komawa ciki. Kwanciyar ruf-da-ciki a bar ta sai yana farke, ana zaune ana kallonsa.

Bamaraɗiya:
Ina gaishe ku daga Maraɗi. Tun da haihuwar Malam Abban_Gobe na iya faɗowa cikin hunturu, ina so in ƙara wani abu da ba a saye a shagon jarirai amma yana shiga ɗakin mai jego, wato kaskon garwashi. A nan wajenmu ana rufe ƙofa da taga a kunna gawayi don a ɗumama jariri, alhali iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum cikin barci. Haka janareta idan aka matso da shi bakin taga. Kuɗin da za a sayi maganin sauro na kunnawa da turaren wuta mai yawa, gara a sayi hula da safa da rigar sanyi. Ƙanwata ta haifi bakwaini, ma'aikatan jinya suka koya mata ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata ta ɗaure da zane, kuma da wannan ya yi ƙwari, ba tare da an sayi wata na'ura ba.

Baban_Walid:
Ni dai ban ga laifin keken koyon tafiya ba. Yarana duka sun hau, babu abin da ya same su, kuma yana ba uwa damar yin girki.

Malama_Rabi_Jos:
Malam Baban_Walid, Allah Ya tsare naka, amma damar girkin da ka ambata ita ce inda matsalar take. Keken yana ba yaron da bai san wuta ba saurin da uwarsa ba za ta cim masa ba, ya kuma ƙara masa tsawon da zai kai hannu ga risho ko filas ɗin ruwan zafi. Ɗan maƙwabciyata a kan irin wannan keken ya gangaro daga dakalin ƙofar ɗaki ya faɗi da ka, aka kwana da shi asibiti. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi gaba ɗaya tun 2004, kuma likitoci sun bayyana cewa ba ya gaggauta tafiya, yana ma iya jinkirta ta. Tabarma mai tsabta a ƙasa, inda zai yi rarrafe ya dafa bango ya miƙe da kansa, ta fi shi amfani.

Baban_Walid:
Gidajen Kanada benaye ne masu matattakala, namu kuwa a ƙasa suke, don haka ban ga dalilin da za a auna mu da su ba. Amma na karɓi maganar risho da ruwan zafi.

Injiniya_Kubwa:
A gidajenmu akwai rijiya da bokitin ruwa da murhu a tsakar gida, saboda haka ban ga mun fi su tsira ba. Ni abin da ban ji an ambata ba shi ne kujerar mota. Duk mai mota ya sa ta a sahun farko, domin idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, babu hannun uwar da zai iya riƙe jariri. Ana ɗaure ta ne a kujerar baya, jaririn yana fuskantar bayan mota, kuma ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska ke buɗewa. Wannan kuma shi ne abu ɗaya da ba zan ba da shawarar a saya a gwanjo ba sai an san tarihinsa, domin wadda ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki ba a gani, kuma robar tana da wa'adin da ake bugawa a jikinta.

Abban_Gobe:
Injiniya, ba ni da mota, babur ne da ni, kuma na yanke shawarar ba zan ɗauki mai jego da jariri a kansa ba. Na cire filo da keken koyon tafiya da keken turawa daga lissafi. Saura saitin fida, wanda surukata ta ce dole a saya saboda a riƙa ba shi ruwa lokacin zafi.

Ungozoma_Tudun_Wada:
A lallaba a fahimtar da surukar taka, Malam. Nonon uwa zalla har wata shida shi ne ƙa'ida, ko ruwa ba a haɗawa, domin mafi yawan nonon ruwa ne, kuma dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar shi ne kariyar farko da jariri ke samu. Fida tana da lungunan da ba sa wankuwa sai an tafasa, kuma a garin da ruwa da wuta ba su da tabbas ita ce babbar hanyar kamuwa da cutar gudawa. Idan uwar za ta koma aiki ko makaranta, ta tatsa a ƙaramin kofi mai murfi a ba shi da kofi ko cokali. Madarar gwangwani sai idan likita ya ga larura, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Haka nan kada a sayi maganin haƙori a ajiye, waɗanda suka kai shekaru za su tuna My Pikin a 2008, wanda ya yi sanadin rasuwar yara fiye da 80 saboda gubar da ta shiga haɗinsa.

Hajiya_Mai_Jikoki:
Na ji an hana kafur, an hana lalle, an hana ruwa. To kwalli fa? Kada ku ce mini shi ma, domin tun kakanninmu ake sa wa jariri don idonsa ya yi haske.

Likitan_Yara_KD:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, sai dai ki yi haƙuri da ni. Kwallin dutse da ake niƙawa yawanci ma'adinin dalma ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 a kan wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi diddigi aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ne, mun san ba gubar da za a yi wasa da ita ba ce, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama da wuri ba.

Hajiya_Mai_Jikoki:
To, na ji bayaninka, amma raba tsofaffi da kwalli sai an yi da gaske. Ku riƙa kiranmu wurin awo kuna gaya mana da bakinku, domin yarinyar da ta je wankan gida ba za ta iya musa wa uwarta ba.

Ummu_Yasmin:
Maganar Hajiya gaskiya ce, kuma ta shafi sayayyar ma. Sau da yawa ba don jariri ake sayen gado mai lilo da saitin kaya ba, don idon 'yan barka ne, kada a ce mijin wance ya gaza. Ni zan ce abin da zai ci kuɗinka a kai a kai shi ne famfas. Na saba haɗawa ne, nafkin na yadi da rana, famfas da dare da ranar fita, amma wannan sai inda ruwa ya wadata kuma akwai mai taimaka wa mai jego da wanki. Hoda kuma na daina saye tun da aka ce mini ƙurarta na shiga huhun jariri, man kaɗe ko bazilin marar ƙamshi ya ishe ni.

Ɗan_Kwari:
A unguwarmu jarkar ruwa saye muke, saboda haka idan aka haɗa kuɗin 'yan garuwa da sabulu, ban tabbata nafkin ya fi araha ba. Kowa ya yi lissafin unguwarsu.

Abban_Gobe:
Na gode muku duka. Yanzu na tsaya a kan kuɗin ajiya na asibiti, da jerin kayan da suka ba mu, da man cibiya, da gidan sauro, da ma'aunin zafi, da baho guda, da tufafi kaɗan, da zannuwan goyo. Gado ne ban yanke hukunci ba, domin ɗakinmu ƙarami ne kamar na Maman_Biyu, kuma bayan suna maiɗakina za ta tafi gidansu wankan jego na kwana arba'in. Malam Kafinta, za a iya yin wanda zai shiga Adaidaita Sahu a kai can a dawo da shi?

Kafinta_Gwale:
Za a iya. Ana yin ƙarami da ake haɗawa da noti a kwance shi a ɗaure, amma ka sani irin wannan na watannin farko ne kawai, da zarar yaro ya fara juyawa ko yunƙurin zama sai a canza masa mai zurfi. Ka auno tsayin gadonku daga ƙasa da faɗin wurin da ya rage tsakaninsa da bango, ka kai wa kafintan da ke kusa da kai, kuma ka sa a yanka katifar bayan an gama gadon, domin a yanka ta daidai da cikinsa.